Daga Bahar Aswad Zuwa Fadamar Auyo: Wa Ya San Ƙarshen Yaƙi?

 

Wannan makon za mu buɗe taswira mu leƙa gabashin Turai, inda Rasha da Yukren ke gwabza yaƙi tun ranar 24 ga Fabrairun 2022. Mun san wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Tsakanin Auyo da Kiyef, babban birnin Yukren, akwai tafiyar fiye da kilomita 4,000, ba mu ji ƙarar bindigarsu ba, ba mu ga hayaƙinsu ba. To amma duk wanda mahaifinsa ke noman rani a fadamar Haɗeja, ko yake karya kumallo da burodi a teburin mai shayi, yaƙin nan ya riga ya taɓa aljihun gidansu. Abin da muke so mu duba tare shi ne ta wace hanya ya iso mu, da kuma dalilin da ya sa manyan masana da shugabannin duniya suka yi ta faɗin yadda zai ƙare, amma maganarsu na faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da aka ce zai faru

Ranar da sojojin Rasha suka tsallaka iyaka, masu sharhi da yawa, har da jami'an leƙen asirin ƙasashen Yamma, sun zaci Kiyef za ta faɗi cikin 'yan kwanaki. Ita kanta Rasha ba ta kira abin da suna yaƙi ba, ta ce “aikin soja na musamman” ne. An ga hotunan jerin gwanon motocin yaƙinta mai tsawon kusan kilomita 60 ya nufi birnin. Kafin tsakiyar Afrilu sojojin sun janye daga kewayen Kiyef, birnin bai faɗi ba.

Sai hasashe ya juya ɗaya gefen. Amurka da Tarayyar Turai suka ƙaƙaba wa Rasha takunkumi masu tsauri, aka ce tattalin arzikinta zai durƙushe. Kuɗin Rasha, wato rubul, ya faɗi warwas a makonnin farko, amma cikin 'yan watanni ya miƙe. Man da Turai ta rage saye, Indiya da Sin suka rinƙa kwashewa da rangwame. A bazarar 2023 kuma aka yi ta yayata cewa Yukren za ta kai wani gagarumin farmaki da makaman da Yamma ta ba ta, ta kori Rasha daga kudancin ƙasar. An kai farmakin, an yi asarar rayuka, amma fagen daga bai motsa sosai ba.

Ɗaya daga cikin dalilan da Shugaba Putin ya bayar shi ne ƙungiyar tsaro ta NATO na matsowa kusa da ƙofar Rasha. Me ya faru? Finlan, wadda ta shekara aru-aru ba ta shiga kowace ƙungiyar soja ba, ta shiga NATO a Afrilun 2023, ga ta da iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,340 da Rasha. Suwidin ta bi bayanta a Maris ɗin 2024. Wato abin da aka fito hanawa shi ya ƙaru. Shi ma Donald Trump, lokacin da yake neman ƙuri'a, ya ce zai kashe wutar nan cikin awa 24. Ya hau mulki a Janairun 2025, ya gana da Putin a Alaska a watan Agustan shekarar, amma har zuwa lokacin da muke wannan rubutu ana ci gaba da ɓarin wuta.

Masu karanta Tarihi a cikinku sun san wannan ba sabon abu ba ne. A watan Yulin 1967, da yaƙin basasarmu ya ɓarke, gwamnatin Janar Gowon ta kira shi “aikin 'yan sanda”, wato ɗan gajeren aiki na maido da doka. Sai da aka yi wata 30, ba a ajiye makamai ba sai Janairun 1970. Magabata sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Yadda ya iso gonarmu

Hanya ta farko ita ce alkama. Kafin yaƙin, Rasha da Yukren ne ke sayar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake cinikinta tsakanin ƙasashen duniya, kuma mafi yawanta ta tekun Bahar Aswad take fita. Mu kuwa a Najeriya, fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da kamfanonin fulawa ke niƙawa daga waje ake shigo da ita. Da aka toshe tashoshin jiragen ruwan Yukren, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ma'aunin farashin abinci da take fitarwa duk wata, kuma a Maris ɗin 2022 ma'aunin ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Fulawa ta yi tsada, burodi ya ƙanƙance, taliya da gurasa suka bi sahu.

Hanya ta biyu ita ce takin zamani. Takin kamfa da iyayenmu ke zubawa haɗin sinadarai uku ne, kuma ɗaya daga ciki, wato fotash, ba a haƙo shi a ƙasar nan. Rasha da maƙwabciyarta Belarus ne ke fitar da kusan kashi 40 cikin 100 na fotash ɗin da ake sayarwa a duniya. A 2022 kayan da Najeriya ta yi oda daga Rasha suka maƙale saboda takunkumi, dole aka garzaya Kanada neman madadi a ƙurarren lokaci. Yuriya kuwa da iskar gas ake yin ta, gas ya yi tsada, ita ma ta hau. Abin mamaki, a wannan watan na Maris ɗin 2022 ne aka buɗe katafaren kamfanin takin Ɗangote a Legas, mai iya fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Amma samun kamfani a gida bai sa buhu ya yi araha ba, domin mai kaya yana duba nawa za a saya a Barazil ko Indiya kafin ya yanka wa manomin Auyo farashi.

A nan ma hasashe ya yi tuntuɓe. An ce alkama ba za ta sauko ba muddin ana yaƙi. Sai ga shi a Yulin 2022 Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya sun shiga tsakani, aka ƙulla yarjejeniya a Istanbul ta barin jiragen hatsi su wuce, aka fitar da kusan tan miliyan 33 cikin shekara guda. Da Rasha ta fice daga yarjejeniyar a Yulin 2023 aka sake cewa shi ke nan. Amma Yukren, wadda ba ta da wata rundunar ruwa ta a-zo-a-gani, ta yi amfani da makamai masu linzami da ƙananan jiragen ruwa marasa matuƙi ta tilasta wa jiragen yaƙin Rasha ja da baya, ta buɗe hanyarta da kanta. Kafin 2023 ta ƙare, farashin alkama a kasuwar duniya ya sauka ƙasa da yadda yake kafin yaƙi.

To me ya sa burodinmu bai sauko ba? Saboda wasu abubuwa na cikin gida sun shigo. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, injin ban-ruwa da motar ɗaukar kaya suka ƙara cin kuɗi. An saki naira a watan Yuni, dalar da ake saye kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Alkama ta yi sauƙi a dala, ta yi tsada a naira. Ku riƙe wannan da kyau: duk wanda ya ɗora tsadar rayuwarmu kacokan a kan yaƙin Yukren bai faɗi gaskiya duka ba, haka ma wanda ya ce yaƙin ba shi da hannu a ciki.

Akwai kuma alherin da ba wanda ya hango. Tsoron yunwa ya sa Bankin Raya Afirka ya ware dala biliyan 1.5 a Mayun 2022 domin ƙasashen nahiyar su noma abincinsu, Najeriya ta samu rancen dala miliyan 134 daga ciki. Da kuɗin ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a watan Nuwamban 2023, kuma a yankin Haɗeja aka yi bikin, aka ware wa Jigawa hekta 40,000 tare da rangwamen rabin kuɗin iri da taki. An zaɓi yankinmu ne saboda muna da sanyin hunturu da alkama ke so, muna da ruwa, ga kuma aikin ban-ruwa na Kwarin Haɗeja mai faɗin kimanin hekta 5,700 da Shugaba Buhari ya buɗe a Auyo a Janairun 2023. Shi wannan aikin an faro shi tun shekaru da dama kafin yaƙin, amma yaƙin ya ƙara masa daraja. Wa zai ce tankokin da suka doshi Kiyef za su sa a raba irin alkama a ƙauyukanmu?

Sai dai ku tambayi kakanninku labarin 1987. A shekarar gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, manoma a tsohuwar Jihar Kano, wadda muke cikinta a lokacin, suka duƙufa nomanta. A 1992 aka ɗage haramcin, alkamar waje ta dawo da araha, da yawa suka watsar. Kasuwar da wani abu na nesa ya buɗe, wani abu na nesa na iya rufe ta.

Abin da ya sauya a maƙwabta

Yaƙin ya kuma raba kan duniya, kowane ɓangare na neman abokai. Ranar 2 ga Maris ɗin 2022 aka kaɗa ƙuri'a a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kan yin tir da mamayar. Ƙasashe 141 suka amince, Najeriya na ciki, 35 suka ƙi ɗaukar ɓangare, kuma kusan rabinsu daga Afirka suke. Tun daga nan ministocin Rasha da na ƙasashen Yamma suka rinƙa zarya a nahiyarmu.

Ana cikin haka sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023. Juyin mulkin yana da dalilansa na cikin gida, kada mu ce Yukren ce ta jawo shi. Amma ya zo a lokacin da sabbin shugabannin ke da wani wurin zuwa idan sun ɓata da Faransa. Sojojin Faransa suka fice a Disamban 2023, masu horarwa daga Rasha suka sauka Yamai a Afrilun 2024, Amurka ma ta bar sansaninta na Agadas a wannan shekarar. A Agustan 2024 Mali ta yanke hulɗa da Yukren bisa zargin taimaka wa 'yan tawayen arewacinta, Nijar ta bi sahu. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS.

Mu a Jigawa mun ɗanɗana wannan kai tsaye. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin, kasuwar dabbobi ta Maigatari ta yi sanyi, 'yan'uwa na nan da na can suka sha wahalar kai wa juna ziyara, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. A lokacin ma an yi hasashen cewa barazanar ECOWAS za ta sa sojojin su miƙa mulki cikin mako guda. Ba su miƙa ba.

Me ya sa ake kasa hasashe?

Ɗan Auyo ya fi kowa saukin fahimtar wannan, domin yana zaune da kogi. Mun san ruwan da ke zuwa mana daga kogin Kano da na Challawa yake fitowa, mun san akwai dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da na Challawa da aka gama a 1992. Idan aka yi ruwa mai yawa a sama, ko dam ya cika ya tumbatsa, kowa ya san ruwa na tafe. Abin da ba wanda zai rantse a kai shi ne ta ina zai ɓalle. Wata hanyar kacala ta toshe ta, wata yashi ya cike ta, wani gari sun kwana suna tara buhunan ƙasa sun ɗaga jinga, sai ruwan ya karkata ya auka wa gonakin da bara ko jiƙa su bai yi ba. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 ba sa bukatar ƙarin bayani.

Yaƙi ya fi kogi wuyar sha'ani, domin ruwa ba ya tunani, mutane kuwa suna yi. Duk dabarar da wani ɓangare ya fito da ita, ɗaya ɓangaren zai zauna ya nemo maganinta. Ana iya ƙirga tankoki da jirage, amma ba a da ma'aunin da zai nuna ko mutane za su tsaya su kare garinsu ko za su gudu. Shugabanni na ɓoye asararsu, na ƙasa da su kuma kan gaya musu abin da suke son ji. Sannan 'yan waje na shigowa: Amurka da Turai sun ba Yukren makamai da kuɗi, Iran ta ba Rasha jirage marasa matuƙi, Koriya ta Arewa ta tura sojoji a ƙarshen 2024. Zaɓe ɗaya a wata ƙasa mai nisa na iya sauya lissafin gaba ɗaya.

Akwai kuma son zuciya. Sau da yawa mai cewa “wane ne zai ci” yana faɗin abin da yake fata ne. Wani kuma biyansa ake yi ya faɗa.

Abin da ya rage gare mu

Wannan ba yana nufin mu daina sauraron masana ba. Waɗanda suka ce Rasha za ta kai hari sun yi daidai, domin sun ga sojoji da kayan yaƙi jibge a kan iyaka. Waɗanda suka ce taki zai yi tsada sun yi daidai, domin sun san daga ina fotash ke zuwa. Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin faɗin rana da wanda zai yi nasara. Saboda haka idan kun ji magana a rediyo, ko wani ya turo muku bidiyo a WhatsApp ko TikTok, ku tambayi kanku: abin da ya riga ya faru yake faɗa, ko abin da yake zaton zai faru? Me zai samu idan na yarda? Wane dalili ya kawo? Kuma me ya ce bara, ya tabbata? Masanin ƙwarai za ka ji yana cewa “idan kaza ya faru, akwai yiwuwar kaza”. Mai cika baki shi ke yanke rana.

Maganar ta wuce muhawarar aji. A gidaje da yawa ana yanke shawara mai nauyi bisa irin wannan hasashe: a ci bashi a zuba gona duka da alkama saboda bara ta yi kuɗi, ko a ɓoye hatsi ana jiran farashi ya ninka. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage haraji na wani lokaci kan shigo da alkama da masara da shinkafa da wake, kuma a 2025 manoma da dama sun koka cewa hatsi ya faɗi alhali taki bai sauko ba. Dattawan fadama sun daɗe da sanin maganin wannan. Shi ya sa za ka ga mutum yana da gero a tudu, shinkafa a kwari, ɗan lambun tumatir da albasa a gefe, ga tumaki a gida. Idan ɗaya ya ƙi, ɗaya zai riƙe gida.

Wani gargaɗin kuma naku ne kai tsaye, musamman masu shirin kammalawa. Yaƙi mai tsawo na cin mutane, kuma masu nemansu sun iso Afirka. Tun a Maris ɗin 2022 Ma'aikatar Harkokin Wajen Najeriya ta ce ba za ta lamunci ɗaukar 'yan ƙasa zuwa faɗa a Yukren ba. A Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton 'yan mata daga ƙasashen Afirka da aka yaudara ta intanet da alƙawarin karatu da aiki a Rasha, suka tsinci kansu a masana'antar harhaɗa jiragen yaƙi marasa matuƙi. Duk tallar da ta zo muku da tikitin jirgi kyauta da albashin dala, ku kai ta gaban iyayenku da malamanku kafin ku tura ko da hoton fasfo.

Ga aikin wannan makon. Kowa ya ware shafi biyu a bayan littafinsa. A shafi na farko, duk lokacin da kuka ji wani ya yi hasashe kan wannan yaƙi ko wani rikicin, ku rubuta kwanan wata da sunan mai maganar da abin da ya ce. A shafi na biyu, ku rinƙa rubuta farashin kwanon alkama da buhun yuriya da litar fetur a kasuwarku sau ɗaya a wata. A ƙarshen zangon karatu ku kawo littattafan ƙungiyar muhawara ta makarantarku, ku duba wa ya yi daidai, wa ya kauce, kuma me ya motsa farashin. Makarantar da ta yi wannan ta aiko mana da sakamakonta, za mu buga a wannan shafi da sunan makarantar.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A yi karatu lafiya.